HARSHE DA LISSAFI: YADDA AKE WARWARE TAMBAYOYIN ƘARUWA DA DARAJAR KUƊI



1. Gabatarwa

Na san da yawa daga cikinku sun yi mamaki da suka ga sunan malamin Hausa a ƙarƙashin wannan take. Wani abokina malamin lissafi ma har ya tare ni da zolaya, wai na yi shiga sharo ba shanu. To, ga hujjata. Irin tambayoyin da zan yi magana a kansu yau da kalmomi ake kawo su, kamar ɗan labari: wane ya sayi kaza, farashi ya tashi da kaza, nawa zai biya bayan shekara kaza? Kafin mutum ya tara, ko ya ɗebe, ko ya ninka, ko ya raba, dole ne sai ya fassara labarin nan daga harshen mutane zuwa harshen alƙaluma. Fassara kuwa sana'ata ce.

Abin da na lura da shi shi ne, ɗalibin da ya faɗi irin wannan tambaya galibi ya iya ninkawa, ya iya rabawa. A wurin fassarar ne ƙafarsa ke zamewa. Kuma hasarar ba ta tsaya a takardar jarrabawa ba, domin manomin da ya sayar da amfanin gonarsa da ajali, da ma'aikacin da aka ce za a biya shi kuɗin sallama kashi-kashi, da hukumar da ke gina azuzuwa don yaran da ba a haifa ba tukuna, duk wannan tambaya suke amsawa, ko sun sani ko ba su sani ba.

2. Waiwaye

Wannan fanni tsoho ne ƙwarai. A gidan tarihi na Louvre da ke Paris akwai wani allon yumɓu daga ƙasar Babila, wanda aka rubuta kimanin shekara 1700 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Tambayar da ke kansa ita ce: in dukiya tana ƙaruwa da humusinta kowace shekara, watau kashi 20 cikin ɗari, shekara nawa za ta yi ta ninka? Za mu amsa wannan tambaya nan gaba kaɗan.

A Bagadaza, wajen shekarar 820 ta Miladiyya, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa littafinsa na aljabara. Abin da ya kamata masu nazarin harshe su lura da shi shi ne, babu alamomin lissafi irin namu na yau a cikin littafin. Da jimloli ya rubuta komai. Adadin da ake nema ya kira shi "abu", adadin da aka ninka da kansa kuma ya kira shi "dukiya". Babban ɓangare na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake, akwai kuma ɗan babi a kan ciniki.

Daga hannun Musulmi wannan ilmi ya ƙetara Turai. Leonardo mutumin Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lissafi yana yaro a birnin Bijaya, a gaɓar tekun Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa ke aiki wa fataken garinsu. A 1202 ya fitar da littafinsa mai suna Liber Abaci, cike da tambayoyin fatauci, da canjin kuɗi, da rabon riba tsakanin abokan tarayya. A 1494 Luca Pacioli ya buga nasa littafin a Venis, a 1582 kuma Simon Stevin ya buga jadawalin lissafin kuɗi da lokaci a Antwerp.

Mu ma a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne a wannan fage. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, malamin Katsina, ya yi rubutu a kan hatiman lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Har yau kuma malaman zaure da alƙalai suna yin lissafin gwargwado duk lokacin da suka zauna rabon gado. Alal misali, mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, 'yan'uwan suna da sulusi biyu. In an yi asalin rabon daga 6, miji ya sami 3, su kuma 4, jimla 7, ta zarce 6. Sai a yi abin da malamai ke kira auli: a raba dukiyar gida 7, kowa ya ragu gwargwadon rabonsa. In ta bar N700,000, miji ya ɗauki N300,000, 'yan'uwan su raba N400,000. Kalmomin nan namu, sulusi, da rubu'i, da humusi, da sudusi, da sumuni, da ushiri, ta wannan ƙofa yawancinsu suka zauna a bakinmu.

3. Inda Harshe Ke Tuntuɓe

Bari mu ɗauki misali wanda kowa ya sani. A 2019 an tsai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya a kan N30,000, a 2024 aka mai da shi N70,000. Ana iya ba da wannan labari ta hanya huɗu. Albashi ya ƙaru zuwa N70,000. Albashi ya ƙaru da N40,000. Albashi ya ƙaru da kashi 133 cikin ɗari. Albashi ya zama biyu da sulusin abin da yake a da. Duk huɗun gaskiya ne, amma kowace jimla alƙaluma dabam ta ɗauko. 'Yan ƙananan kalmomin nan, "da" da "zuwa", su ne ke riƙe da ma'anar, kuma su ne mai gaggawa ke tsallakewa.

Tuntuɓe na biyu yana cikin kalmar "ninki". In na ce farashi ya ninka, kowa ya gane ɗaya ya zama biyu. Amma in na ce ya ninka sau biyu fa? Wani zai ce ɗaya ya zama biyu, wani zai ce an ninka an sake ninkawa, watau ɗaya ya zama huɗu. A hira wannan ba ya ɓata komai, shi ya sa muke cewa ninkin-ba-ninkin mu wuce. A lissafi kuwa ya wajaba mai tambaya ya fayyace, ya ce "ya zama biyun na da" ko "ya zama huɗun na da".

Tuntuɓe na uku shi ne mafi girma. 'Yan kasuwa suna da kalma mai kyau, uwar kuɗi, watau abin da aka zuba kafin riba. Ina so in ari kalmar in ce: kowane kashi cikin ɗari yana da uwa, kuma duk wanda bai san uwar ba, bai san kashin ba. A ce buhun hatsi yana N40,000, ya tashi da kashi 25 cikin ɗari, daga baya ya sauka da kashi 25 cikin ɗari. Kunne yana cewa an koma gidan jiya. Amma uwar tashin ita ce N40,000, rubu'inta N10,000, buhu ya zama N50,000. Uwar saukar kuwa N50,000 ce, rubu'inta N12,500, buhu ya koma N37,500. Kalmomin iri ɗaya ne, uwayen ne suka bambanta.

4. Ƙari Iri Biyu

Akwai ƙari iri biyu, kuma ina ba da shawarar mu raɗa musu suna da Hausa. Na farko ƙarin tsaye: adadi guda ake ɗorawa kowace shekara, ba ya canzawa. Na biyu ƙarin gwargwado: abin da ake ɗorawa ya danganta da yawan abin da ke ƙasa a lokacin.

A ce makiyayi biyu, kowanne yana da tumaki 125. Garken na farko yana ƙaruwa da tumaki 25 kowace shekara. Garken na biyu yana ƙaruwa da humusinsa kowace shekara. A shekarar farko babu bambanci, domin humusin 125 shi ne 25, kowa yana da 150. A shekara ta biyu na farko yana da 175, na biyu kuwa 180, saboda 'ya'yan bara sun shiga cikin uwa. A shekara ta uku 200 ne da 216. In aka kai shekara goma, na farko yana da 375, na biyu yana da wajen 774. Sannu-sannu, kwana nesa.

Ga dabarar da ke sauƙaƙa aikin. Ƙara humusi a kan abu daidai yake da ninka abin da 1.2. Ƙara kashi 3 cikin ɗari daidai yake da ninkawa da 1.03. Rage rubu'i daidai yake da ninkawa da 0.75. Wannan adadi ina kiransa maninki, bisa ƙa'idar da ta ba mu mabuɗi daga buɗe, da ma'auni daga auna. Da zarar an sami maninki, sai a yi ta ninkawa da shi sau yawan shekarun: 125 sau 1.2 sau 1.2 sau 1.2, ya ba da 216. Buhun ɗazu ma haka: 1.25 sau 0.75 ya ba da 0.9375, ƙasa da ɗaya, shi ya sa farashin ya koma ƙasa da inda ya faro.

Yanzu ga amsar mutumin Babila. Garke na biyu zai ninka in ya kai 250. A ƙarshen shekara ta uku yana 216, a ƙarshen ta huɗu yana 259, ashe ninkin ya faɗo a cikin shekara ta huɗu, kusa da ƙarshenta. Akwai kuma gajeriyar hanya wadda Pacioli ya ambata a littafinsa: a raba 72 da kashin ƙaruwar, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun ninkawa. A nan 72 a raba da 20 ya ba da 3.6, alhali amsa ta ainihi wajen 3.8 ce. Kintace ne, kuma ya fi dacewa in kashin ƙarami ne.

Mu gwada wannan a kan mutane. Ƙidayar 1991 ta ba Nijeriya mutum 88,992,220, ta 2006 kuma 140,431,790. Na san an yi gardama a kan alƙaluman nan, amma mu karɓe su don darasi. Ƙarin ya kai kusan kashi 58 cikin ɗari a wajen shekara 15. Mai gaggawa zai raba 58 da 15, ya ce kusan kashi 4 ne a shekara. Ya yi kure, domin ya ɗauki ƙarin gwargwado a matsayin ƙarin tsaye. Tambayar daidai ita ce: wane maninki ne, in an yi ta ninkawa da shi sau 15, zai ba da 1.58? Amsar ita ce 1.03 da 'yan kai, watau kashi 3 da ɗan ɗori. In aka ci gaba a haka, jama'a za su ninka cikin shekara 24 ko ƙasa kaɗan. A Jamhuriyar Nijar ƙidayar 2001 ta ba da 11,060,291, ta 2012 kuma 17,138,707, ƙaruwar wajen kashi 3.9 a shekara, ninki ke nan cikin shekara 18 zuwa 19. Hukumar da ke gina adadi guda na azuzuwa da asibitoci kowace shekara tana tafiya da ƙarin tsaye, jama'arta suna tafiya da ƙarin gwargwado, kuma kun ga yadda aka ƙare tsakanin garkunan nan biyu.

5. Komawa Baya: Darajar Yau

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu tafiya gaba ce. Amma sau da yawa ƙarshen labari ake ba mu, a ce mu nemo farkonsa. A ce kaya ya tashi da kashi 20 cikin ɗari, yanzu yana N60,000. Nawa yake kafin tashin? Kuskuren da aka fi yi shi ne a cire humusin 60,000, a ce N48,000. Amma 60,000 ba ita ce uwa ba, uwar ce ake nema. Tun da an zo nan ta hanyar ninkawa da 1.2, sai a koma ta hanyar rabawa da 1.2, a sami N50,000. Gwada ka gani: humusin 50,000 shi ne 10,000, an haɗa an sami 60,000.

Wannan rabawa ita ce asirin abin da nake kira darajar yau, watau abin da kuɗin da za a ba ka nan gaba ya daidaita da shi in da yau aka ba ka. Bahaushe ya riga ya san tushen maganar, tun da ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Abin da lissafi ya ƙara shi ne ya gaya mana da nawa ya fi, da kuma lokacin da kazar ta cancanci a jira ta. Dalili uku ke sa kuɗin gobe ya kasa na yau: ana iya juya na yau ya haifi riba, farashi na iya tashi kafin gobe, kuma wanda ya yi alkawari na iya kasa cikawa.

A ce manomi zai sayar da amfanin gonarsa. Wani ya taya N500,000 lakadan, wani ya taya N660,000 amma sai bayan shekara biyu. A ido na biyu ya fi da N160,000. To, a ce farashin kaya yana tashi da kashi 20 cikin ɗari a shekara. Maninkin shekara biyu shi ne 1.2 sau 1.2, watau 1.44. An raba 660,000 da 1.44, an sami wajen N458,000. Ashe na lakadan ya fi da kusan N42,000. Amma da tashin farashin kashi 10 ne, maninki 1.21 ke nan, darajar yau ta zama wajen N545,000, na ajali ya yi rinjaye. Tayin biyu suna yin kunnen doki ne a wajen kashi 15. Saboda haka babu amsa sai an fara amsa tambayar nan: da wane kashi za mu auna?

Ga misali na biyu, wanda ya fi taɓa zuciya. Ma'aikaci ya yi ritaya, haƙƙinsa N648,000, aka ce za a biya shi sau uku, N216,000 a ƙarshen kowace shekara. Da maninki 1.2, biyan farko darajarsa a yau N180,000 ce, na biyu N150,000, na uku N125,000. Jimla N455,000. A takarda an biya shi cif, ba a ci masa kwabo ba. A kasuwa kuwa ya rasa N193,000, kusan kashi 30 cikin ɗari na guminsa.

Fibonacci ya kawo tambaya mai kama da wannan tun ƙarni na 13. Wani sarki yana biyan sojansa zinariya 300 a shekara, 75 kowane wata uku, sai ya mai da biyan gaba ɗaya ƙarshen shekara. Sojan kuwa yana iya samun ribar 2 a kan kowace 100 a wata, watau 6 a wata uku. In muka yi namu lissafin, biyan farko da ya juya shi zai kai 89 da ɗori a ƙarshen shekara, na biyu 84 da ɗori, na uku 79 da rabi, na huɗu 75, jimla wajen 328. Sarki bai rage albashi ba, amma ya karɓe wa sojan zinariya 28.

Kada a ɗauka kashi 20 ɗin da nake ta amfani da shi ƙari ne na malami. A 1975, shekarar da aka biya kuɗin Udoji, farashi ya tashi da fiye da kashi 30 cikin ɗari a Nijeriya. A 1995 tashin ya haura kashi 70. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 34.8. A irin wannan shekara, N100,000 da aka yi maka alkawari baɗi ba ta wuce N74,200 na bana ba.

6. Wannan Ba Riba Ba Ce?

Na ga wasu malamai suna gyara zama, kuma na san abin da ke ransu. A rubutun boko kalmar "riba" ta ɗan kasuwa da "riba" wadda shari'a ta haramta sun zo da haruffa iri ɗaya, amma a Larabci, inda muka aro su, asalinsu dabam-dabam ne. Abin da aka haramta shi ne a ba da rance da sharaɗin ƙari, ko a ƙara wa wanda ake bi bashi saboda ya yi jinkiri. Jumhurin malamai kuwa sun halatta a sayar da kaya da ajali a kan farashin da ya fi na lakadan, muddin an yanke farashi guda a lokacin ƙulla ciniki, ba a kuma ƙara shi daga baya. A kan irin wannan ciniki ne bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suka kafa yawancin aikinsu.

Lissafin darajar yau ma'auni ne, kamar mudu ko sikeli. Da shi mai cin kuɗin ruwa ke auna abin da zai ci, da shi kuma wanda za a ci zai gane yawan abin da za a ci masa. Mai kula da dukiyar marayu, da mai rabon gadon da ya daɗe ba a raba ba, da matar da ke ƙarshen layi a adashi, duk suna bukatarsa. Wanda ya ƙi koyonsa don gudun haram ya bar ma'aunin a hannun abokin cinikinsa kaɗai.

7. Matakan Warwarewa

Ga ɗalibai, da malaman da ke koyar da su, ga matakai biyar.

Na ɗaya, ka karanta tambayar, ka rufe littafin, ka ba wa kanka labarin da Hausa. In ka kasa ba da labarin, kada ka taɓa alƙalami tukuna.

Na biyu, ka ja layi a ƙarƙashin ƙananan kalmomi: da, zuwa, na, kowace, bayan, kafin. Ka tambayi kowane kashi cikin ɗari wace ce uwarsa.

Na uku, ka tantance irin ƙarin, na tsaye ne ko na gwargwado. In na gwargwado ne, ka fitar da maninki, ka kuma tabbata lokacin da aka auna kashin da shi ya dace da lokacin tambayar, kada a ba ka kashin wata ka ƙirga shekaru.

Na huɗu, ka zana layin lokaci, ka sa kowane kuɗi a ranarsa. In gaba za ka, ka ninka. In baya za ka, ka raba. Kada ka tara kuɗi biyu, kada kuma ka gwada su, sai ka kawo su rana ɗaya.

Na biyar, ka mai da amsarka cikin labarin ka ga ko ta zauna. Wanda ya sami N48,000 ɗazu, da ya ƙara mata humusi zai ga N57,600, ya san ya yi lissafin dokin Rano.

8. Kammalawa

Shugaban taro, roƙona biyu ne. Na farko ga masana harshe da masana lissafi: mu zauna tare mu daidaita kalmomin nan. Na kawo maninki, da ƙarin tsaye, da ƙarin gwargwado, da darajar yau. In akwai waɗanda suka fi su, a kawo, a gwada su a aji da kasuwa, wanda baki ya karɓa shi ne namu. Yaron da ke kokawa da baƙon harshe da baƙon ilmi a lokaci guda, nauyi biyu aka ɗora masa, alhali ana iya sauke masa ɗaya.

Na biyu ga masu rubuta littattafan makaranta: a ɗauko tambayoyi daga inda yaranmu suke, daga garke, da rumbu, da adashi, da rabon gado, da albashin mahaifinsu. Yaron da ya warware tambayar ma'aikacin nan mai N648,000 a aji, ranar da aka miƙo wa mahaifinsa irin wannan takarda ya sa hannu, zai iya cewa, "Baba, dakata mu lissafa."